Shirun Ƙaguwa

Ranar da Kawu Safwat ya fara kawo maganar, dariya Nermin ta yi masa har sai da mahaifiyarta ta leƙo daga kicin ta ce ta ji kunya. Juma'a ce, an gama cin soyayyen kifi, sai ya zaro wani dogon abu daga buhu ya ɗora a kan tebur kusa da ragowar gurasa. Sanda ce mai faifai a ƙasa da ɗan akwati a sama, irin na'urar nan da ake neman ƙarfe da ita a cikin ƙasa. A kasuwar gwanjo ya samo ta.

"A busasshen yashi lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Da na matsa inda ruwa ke taɓawa sai ta kama ihu kamar an taka mata wutsiya. In tona in tona, ba ƙarfe ba dalilinsa. Gishiri take ji."

"To Kawu ka bar mata teku mana. Ajiya ka yi a can?"

"Ke dai duba mini, Injiniya. Ba don irin wannan rana muka sha wahalar karatunki ba?"

Safwat yayan mahaifiyarta ne. Ya yi aikin lantarki a jirgin ƙasan cikin garin Iskandariya har kansa ya yi fari, da ya yi ritaya kuma ya rasa inda zai sa hannuwansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kuwait, gidansa na unguwar Anfushi ya yi masa faɗi. Shi ya sa in baƙi masu zuwa hutun bazara suka watse, bakin teku ya koma na masunta da maguna, yake fita da sassafe yana yawo a yashi yana neman abin da mutane suka yar.

Nermin kuwa manhajar mitar ruwa take rubutawa a wani kamfani, aikin da ke ciyar da ita amma ba ya sa ta ɗokin wayewar gari. Ta kwance akwatin don dai ta faranta masa. Abin da ta tarar ya ɓata mata rai: an zuba wani baƙin ƙaro a kan kayan cikin, ya daskare kamar dutse, yadda ba mai iya gani balle ya gyara.

"Wanda ya ƙera wannan ba ya so a san cikinsa," in ji ta.

Kawu ya leƙa, ya ja tsaki. "To ya riƙe cikinsa. Mu ƙera tamu."

Haka aka fara, kamar wasa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ta hau bene zuwa ɗakinsa mai kallon tashar jiragen kamun kifi. Shi ke naɗa wayar jan ƙarfe a jikin murfin tukunya don faifan ya fita da'ira sosai, shi ke liƙe ƙananan kayan da dalma, tabarau a ƙarshen hanci. Ita ke rubuta abin da zai koya wa na'urar bambanta amon ƙarfe da na banza. Ta farko da suka haɗa ba ta jin komai a duniya sai firij ɗin maƙwabta. Ta biyu ta yi hayaƙi. Kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, aka sha shayi aka sake zama. Wadda ta fara aiki, sai da ya riƙa tafiya a kaikaice yana lilo da ita kafin ta ji sulai a yashi. Wani masunci da ke gyaran koma ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, yaushe ka zama ƙaguwa?" Sunan da ya bi na'urar ke nan.

Gishirin dai ya gagare su. Nan ne Nermin ta ce a zuba komai a intanet, zanen allon lantarkin da yawan naɗin waya da manhajar, kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara yadda ya ga dama, da sharaɗin duk gyaran da ya yi ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi.

"Wato in yi girki in ajiye tukunya a bakin titi," in ji Kawu.

"Girkin da bai nuna ba, Kawu. Wataƙila wani ya zo da itace."

Ya yi ta gunaguni, amma ya bari. Ba a daɗe ba masu itacen suka fara zuwa. Wani malamin makaranta a Izmir ta Turkiyya, Bulent, ya haɗa tasa ya rubuto cewa kuskurensu shi ne saurin saurare: in na'urar ta aika bugunta cikin ƙasa, a sa ta ɗan dakata, amon gishiri yana saurin mutuwa, na ƙarfe ne ke jimawa. Nermin ta gyara layi kaɗan, suka gangara da ita har ruwa ya kai wa Kawu idon sawu, Ƙaguwa ta yi tsit. Ya jefa mabuɗin gidansa a ruwan, ta yi kuka. Ya juyo yana dariya kamar yaro, wandonsa sharkaf.

Daga nan zauren hira da ta buɗe musu a intanet ya cika. Wani ya rage cin batir, wani ya zana mariƙin da za a yi da bututun ruwa na roba, wani ya fassara bayanin zuwa Faransanci. Akwai wata mata daga Bosniya, Senada, wadda ba ta cika magana ba, sai dai in wani ya cika baki a kan zurfin da tasa ke kaiwa ta tambaye shi a wace irin ƙasa ya gwada. Kawu, wanda da farko ya ƙi, shi ya koma kullum yana tambaya, "Yau me ɗan Turkiyyan nan ya ce? Gaya masa naɗinsa ya yi yawa, in ji ni." Abin da suke tonowa bai taka kara ya karya ba: murafan kwalba, tsofaffin sulalla, cokula, makullan gidajen da ba wanda ya san inda suke. Amma Nermin ta lura ranar Juma'a ce kaɗai take tashi kafin agogo ya tashe ta.

Wata safiya tana cikin motar haya za ta ofis, saƙon murya ya shigo zauren daga baƙuwar lamba. Harshen mutanen yamma ne, Larabawan Awlad Ali, mai nauyi a maƙogwaro.

"Salamu alaikum jama'a. Sunana Miftah, daga kudancin garin Daba'a. Wani mai gyaran waya a gari ya haɗa mini allon, sauran ni na yi. Allah ya saka muku, tana aiki. Tambayata ɗaya ce. Yaya zan yi ta ƙara jin abin da ke can ƙasa sosai? Gona nake sharewa."

Ya haɗo da hoto. Ƙaguwa ce, an ɗaure mariƙinta da tsumma, an jingine ta da tarin duwatsu. A bayanta fili ne shimfiɗe, da guntun waya mai ƙaya da tsatsa ta cinye. A gefe an tara abin da aka tono: gwangwanaye, gutsattsarin ƙarfe, da wata hular soja mai huda.

Duk ɗan Iskandariya ya san nakiyoyin da Turawa suka binne a wannan yanki lokacin yaƙin duniya na biyu suka tafi suka bari. Nermin ta wuce tasharta ba ta sani ba.

Kafin azahar zauren ya kaure. Ita ta fara rubutawa: a goge komai yau ɗin nan, zane da manhaja da bayani, kafin abin wasansu ya kashe mutum. Bulent ya ce sam. Maƙerin wuƙa ba ya bin kowa gida ya ga abin da zai yanka, kuma sun riga sun rubuta a ƙasan shafi cewa na'urar ta nishaɗi ce. Wasu suka goyi bayansa, wasu bayanta, aka fara faɗa wa juna maganar da ba a taɓa yi ba a zauren.

Sai Senada ta yi dogon rubutu, na farko tun shigarta. Ta ce ta yi shekaru tana durƙushe a gonakin ƙasarta tana cire nakiyoyi, sana'arta ke nan kafin gwiwoyinta su gaza. Ta ce gogewa ba za ta ƙwace na'urar daga hannun mutumin ba, gargaɗin ƙasan shafi kuwa ba mai karanta shi. "Kada ku yi masa wa'azi," ta rubuta. "Wanda ya girma a wurin ya fi ku sanin tsoro. Abin da bai sani ba shi ne inda na'urarku take kurmancewa. Ku je ku nuna masa da idonsa."

Da yamma Nermin ta hau wurin Kawu, ta same shi zaune bai kunna ko rediyo ba.

"Ni na ce a buɗe," in ji ta. "Kai ka ce kada a yi. Ka faɗi abin da ke bakinka."

"Ba abin da ke bakina. Magana zarar bunu ce, 'yar nan, ta riga ta fita. In kin goge, wa zai tambaya gobe? Mai gyaran waya?" Ya miƙe yana laluben takalmi. "Motarki tana da lafiya? Juma'a za mu je."

Suka kama hanyar gaɓa da safe, suka wuce unguwannin hutu masu farin fenti, duk tagogi a rufe sai masu gadi. Bayan garin Alamain suka saki kwalta suka yi kudu a kan turba mai duwatsu, Miftah yana yi musu kwatance ta waya. Gidan bulo ne guda a tsakiyar sarari, da garken tumaki da 'yan bishiyoyin ɓaure da iska ta tanƙwara. Miftah dogo ne, ya ba arba'in baya, farar jallabiya da 'yar shara a sama. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune a kan tabarma, an naɗe ƙafar wandonsa ɗaya an soke da allura a gwiwa.

"Mahaifina ne, Alhaji Guwaida," in ji Miftah. Bai ƙara bayani ba, su ma ba su tambaya ba.

Ba a bar su sun yi maganar da ta kawo su ba sai da aka ci shinkafa da naman rago, aka kawo jan shayi mai kauri. Kawu da Miftah suka saba nan da nan.

"Shehin Larabawa, wa ya koya maka naɗin waya haka? Kamar gammon mai tallan kifi," in ji Kawu.

"Alhaji, gammon nan ya tono abin da naka bai taɓa gani ba. Ku me kuke samu a teku? An ce murafan lemo."

"Wani lokaci har da cokali."

Bayan shayi ya kai su bayan gida ya tsaya a kan wata 'yar tudu. Ƙasa ta gangara ta yi kwari mai faɗi, ƙasar ja-ja, mai laushi a ido.

"Duk ruwan da aka yi a yankin nan, nan yake taruwa," in ji shi. "Kakana sha'ir yake shukawa a nan, ya kai ƙugun mutum. Tun yaƙin ba garmar da ta shiga. Masu share ƙasa daga nakiyoyi suna aiki, ba na ce ba sa yi ba, sun faro daga bakin hanya. Amma ƙasar da yawa, su kaɗan. Ni kuma ciyawar tumaki saye nake yi, ga wannan a bayan ɗakina."

Ya nuna wani siririn layi da aka jera wa fararen duwatsu hagu da dama, ya miƙe cikin kwarin. "Wannan ni na share shi. Taku-taku."

Nermin ta dubi layin. Ga sawun takalminsa nan a kai, shiga da fita, ya zama 'yar hanya.

"Malam Miftah, muna so mu yi wani gwaji. Ba a can ba. A garke, inda tumaki suka shekara suna takawa."

Suka yi yadda Senada ta tsara musu. Miftah ya juya baya ya zauna wurin mahaifinsa, Kawu ya ɗebi ƙarafa daga tarin da aka tono ya shiga garke da shebur. Wani ya binne shi taƙi guda, wani kamu, wani ya fi haka, wani ya ɗora masa jan dutse irin na kwarin. Ya tona ramukan banza ma ya mayar, ya share ko'ina da reshe. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, ya ƙi karɓar taimako.

Miftah ya ɗauki Ƙaguwarsa ya shiga. Ya iya riƙe ta, ya fi Kawu haƙuri, faifan yana shafar ƙasa a hankali. Ta yi kuka, ya sa dutse. Ta sake, ya sa dutse. Ya kai bango ya juyo yana murmushi.

"Shi ke nan?" in ji Kawu.

"Shi ke nan. Sauran wurin fes yake."

Kawu ya ɗauki shebur. Ya taka zuwa tsakiyar garken, ya kafa shebur daidai kan sawun Miftah, ya yi ta tona har ya zaro wani faffaɗan ƙarfe mai tsatsa kamar murfin tukunya, ya ajiye. Ya matsa gaba ya ɗaga jan dutsen, ya zaro wani. Ya koma kusa da ƙofa, inda Miftah ya tsaya yana gyara igiyar takalmi, ya zaro na uku.

Wata tunkiya ta yi kuka a waje.

"Batir ne ya yi sanyi," in ji Miftah.

"Sabo ne, ni na sa shi ɗazu," in ji Nermin. "In ta yi kuka, akwai abu, wannan gaskiya ne. Amma in ta yi shiru, ba ta ce maka babu ba. Ba ta ji ba ne kawai. Jar ƙasar nan tana toshe mata kunne. Kuma an gaya mini wasu abubuwan da aka binne akwatin katako ne, ƙarfen cikinsu bai fi ƙusa ba."

"To ai abin da na roƙa ke nan tun farko. Ku gyara ta."

"Zan iya ƙara mata kaɗan. Sai ka ƙara nisa cikin kwarin, ita kuma har yanzu akwai inda jinta zai tsaya, ba kuma za ta gaya maka wurin ba. Ba zan yi ba."

Fuskarsa ta canja. Ya jingine na'urar a bango a hankali.

"Injiniya, bari in tambaye ki. Ku da kuke neman murafan lemo don nishaɗi, duniya ta taru ta taya ku, har da na Turkiyya. Ni da nake neman abin da zan ba iyalina, ni ne za a ce wa a'a?"

Nermin ta shirya amsoshi da yawa a hanya, ba wadda ta dace da wannan. Kawu ma ƙasa yake kallo.

Tsohon ne ya yi magana daga kan tabarmarsa, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Miftah. Ni ma ranar da na rasa ƙafar nan, shiru ƙasar ta yi mini."

Miftah bai juya ba. Ya tattara ƙarafan ya mayar kan tarin. Da za su tafi ya sa musu busasshen ɓaure a mota, don baƙo ba ya fita hannu sake, amma sallamar a tsaye aka yi ta, bai kuma yi alkawarin komai ba.

Sun yi nisa a kan kwalta kafin Nermin ta ce, "Kafin Ƙaguwa bai taɓa taka kwarin nan ba, Kawu. Mu muka shigar da shi."

"Haka ne."

"Ba za ka ce mini ba laifina ba ne?"

"In na faɗa za ki yarda? Mu muka shigar da shi. Kuma da ya rasa wanda zai tambaya, da yanzu yana tsakiya. Duka biyun gaskiya ne. Ki kula da babbar motar can."

Ba ta goge komai ba. Abin da ta yi shi ne ta kwashe hotunan zobba da sulalla daga shafin farko, ta sa hoton bidiyon garken a wurinsu, yadda duk mai son zanen sai ya fara ganin shebur ɗin Kawu yana shiga cikin sawun mutum. Ita da Senada suka rubuta bayanin abin da na'urar ba ta ji, ba da harshen lauyoyi ba, Kawu ya karanta shi da murya aka naɗa saboda waɗanda karatu ke yi wa wuya. Aka kafa doka a zauren: duk wanda ya kawo labarin abin da tasa ta samo, ya kawo na abin da ta tsallake. Wasu suka fita, suka ce ba su taɓa ganin masu ƙera abu suna tallan aibinsa ba. Bulent ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan wata rana ya turo sakamakon gwajin da ya yi a jar ƙasar wani ƙauye kusa da su. Ya fi na Nermin muni. A ƙasa ya rubuta, "Ban ji daɗin wannan ba, amma ga shi."

Daga Miftah kuwa ko tari. Ta kira, wayar ta yi ta ringi. Da ruwan hunturu ya sauko, don a can shi ne daminarsu, tana tsaye a tagar ofis tana kallon yadda yake dukan titi, ba abin da take gani sai jan kwari da mutum a bayan garma. Ta daina zuwa bakin teku. Ranar Juma'a takan hau wurin Kawu su yi aiki, amma in wayarta ta yi ƙara sai ta yi wuf ta duba ko labarinsa ne.

Wajen ƙarshen sanyi hoto ya shigo mata, ba rubutu ba murya. Kwarin ne, ya yi kore shar da ciyawar daji da jajayen furanni, fararen duwatsun sun kusa nutsewa a ciki. Ba alamar garma. Ta daɗe tana kallonsa. Ta san abin da wannan koren yake nufi ga mai sayen ciyawa, don haka ba ta iya yin murna sosai ba. Ta rubuta masa, "Na gani." Bai amsa ba.

Sai da wata bazarar ta zo ta wuce sannan ya kira. Tana ɗakin Kawu, ta sa wayar a amsa-kuwwa.

"Injiniya, kina ji? Masu share ƙasa sun iso mu. Sun gama da kwarin jiya."

"Alhamdu lillahi. Sun samu wani abu?"

"Sun samu." Ana jin iska a wayar. "Da yawa. Ɗaya a cikin layina yake, tsakanin fararen duwatsun. Ya yi zurfi, shi ya sa ƙafa ba ta tashe shi ba. Babbansu ya ce garma ce za ta same shi."

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa. Nermin ta nemi kujera.

"Ban kira don in ce kin yi gaskiya ba," in ji Miftah. "Na sayar da rabin tumakina a shekarar nan, har yanzu ina jin haushinki."

"Na sani."

"To. In ruwan farko ya sauka za mu shuka. Tsoho ya ce ku zo, ke da mai cokali."

Suka je. An kwana ana ruwa, turbar ta yi laka har sai da suka bar motar a nesa suka ƙarasa da ƙafa. Maƙwabta sun taru a kan tudun, mata suna guɗa, wata tsohuwar tarakta ta aro tana tari a bakin kwarin. An ɗauko Alhaji Guwaida a kujera an ajiye shi inda zai gani. Miftah ya ɗaura buhun iri a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya shiga yana watsawa da hannu, taraktar na binsa tana rufewa.

Ya kai tsakiya ya juyo ya ɗaga musu hannu. "Alhaji! Injiniya! Ku shigo mana, ko sai an shimfiɗa muku darduma?"

Kawu ya dubi takalminsa na zuwa masallaci, ya dubi lakar, ya tuɓe su ya naɗe wando ya gangara. Nermin ta tsaya a baki. Ta ga takardar shaidar share kwarin da aka ba su da hatimi, ta san mutanen da suka yi aikin sun san aikinsu, ga tarakta ma tana yawo a kai. Duk da haka ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Sai ta gane a cikin wannan nauyin mutanen gidan nan suka tashi tun suna yara, ita kuwa yau ta fara ɗanɗana shi.

Ta cire takalmi ta shiga. Lakar da sanyi, tana kutsawa tsakanin yatsu. Ta yi nisa kafin ta lura a cikin sawun Kawu take sa ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kauce ko kaɗan. Ta tsaya. Can gaba Miftah ya miƙo wa Kawu buhun yana nuna masa yadda ake watsa iri, Kawu yana musu cewa ya iya. Nermin ta ja numfashi, ta ɗaga ƙafa ta sauke ta a gefe, a kan ƙasar da ba wanda ya taka, ta nufi wurinsu.